Fil ɗin da Amatullah Ta Haɗiye

Amatullah tela ce a unguwar Hammadu Kafi, kuma duk wanda ya san ta ya san ta da fil a baki. In tana gwada wa mace riga, sai ta jera su tsakanin leɓɓanta, tana zarewa tana kafawa, tana hira ta gefen baki. Ranar da abin ya faru, maƙwabciyarta Debby ce tsaye a gabanta cikin rigar ankon bikin ƙanwarta. Debby ta kwaikwayi muryar uwar ango, dariya ta ƙwace wa Amatullah, ta ja numfashi, sai ta ji wani abu mai sanyi ya wuce ta maƙogwaronta.

Ta tofar da sauran a tafin hannu, ta ƙirga su.

"Maman Ihsan, lafiya?" in ji Debby.

"Na haɗiye ɗaya."

Wata dattijuwa da ke jiran ɗinkinta ta ce a ba ta ayaba ta tura shi ƙasa. Debby ta ce wallahi ko ruwa ba za ta sha ba sai likita ya gan ta. Ta tare keke napep a bakin titi, rigar ankon na jikinta ko hannu ba a haɗa mata ba. Suna tafe Amatullah tana kiran mijinta Shafi'u, wanda ke sayar da hatsi a Kasuwar Gombe, wayar ba ta shiga. Duk ramin da keken ya faɗa sai ta dafe ciki, tana jiran ta ji suka. Ba ta ji komai ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro.

A asibiti aka ɗauki hoton cikin. Likitan, wani dogo mai suna Yuguda, ya nuna musu ɗan farin layi kwance a tumbinta.

"Bai wuce hanji ba tukuna," in ji shi. "Za mu zura siririn tiyo mai kyamara ta bakinki, mu ga inda yake, mu kamo shi. Endoskofi ake ce masa, babu yanka. Yaushe rabonki da abinci?"

"Tun jiya da rana."

"Azumi kike yi?"

"A'a."

Ya ɗan dube ta, sannan ya ce hakan ma ya sauƙaƙa aikin.

Wata nas mai suna Becky ta fesa mata magani mai ɗaci a maƙogwaro, ta sa mata roba tsakanin haƙora, ta kwantar da ita ta gefen hagu. Tiyon baƙi ne, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da haske a bakinsa. Da ya shiga sai ta ji kamar za a shaƙe ta, hawaye ya zubo, miyau na dalala kan tawul. Becky ta riƙe mata kai tana cewa ta yi haƙuri, ta yi numfashi ta hanci. Daga inda take kwance tana hango gefen allon da ke nuna abin da kyamarar ke gani. Cikinta ne a kai, jajir, yana sheƙi, yana motsi shi kaɗai.

Can sai ga fil ɗin yana ƙyalli. Wani ɗan baki na ƙarfe ya leƙo ya cafke shi, likita ya janyo tiyon a hankali har waje. Ta ji ƙarar faɗuwarsa a cikin tasa.

"Mun gode Allah," in ji Becky.

Amatullah ta yunƙura za ta tashi, likita ya ɗaga hannu.

"Kwanta, Hajiya. Zan sake komawa."

Wannan karon babu mai ce mata ta yi haƙuri. Kukan na'ura kawai take ji. Hasken ya gangara ya tsaya a kan wani wuri da bai yi kama da sauran ba, fari-fari, gefensa ya tashi, tsakiyarsa ta lotsa. Likita ya faɗi wata kalma da Turanci ƙasa-ƙasa, sai ta ji hannun Becky ya ƙara nauyi a kanta. Ɗan bakin ƙarfen ya sake leƙowa ya tsinki wurin, jini ya ɓullo. Ya sake tsinka.

Bayan ta huta, likita ya kira ta ofis, ya ce Debby ta jira a waje. Ya tambaye ta tun yaushe take ƙoshi da loma kaɗan. Ta ce tun kafin damina. Ya tambaya ko ta rame. Ta ce ta rage wa rigunanta faɗi da kanta, shi ya sa ba wanda ya lura.

"Gyambo ne, likita?"

"Zai iya zama. Na ɗebi ɗan naman wurin, za a auna. Ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba."

A gida aka yi ta barka. Shafi'u ya yi faɗa, ya yi dariya, ya sayo balangu. Ta ci yanka ɗaya, ta tura wa Ihsan sauran. Labarin fil kawai ta ba shi.

Makonni suka wuce. Wata Laraba da hantsi tana kan keken ɗinki wayarta ta yi ƙara. Becky ce.

"Sakamako ya fito. Likita ya ce ki zo gobe da safe."

"Me aka gani?"

"Shi zai yi miki bayani. Ya ce ki zo da maigidanki, kada ki zo ke kaɗai."

Ta ajiye wayar a cinya. Ta san ba don gyambo kawai ake cewa a zo da miji ba. Tana nan zaune wata mata ta yi sallama, ta shigo da atamfa a leda, ta ce ɗinkin suna take so, amma ba sauri, sai bayan wata biyu. Amatullah ta buɗe atamfar, ta shafa ta, ta ninke yadda take, ta miƙa mata.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Ba zan iya alƙawarin wata biyu ba, ki kai wa wata."