Allon da Aka Kafa wa Tegwen

Ranar da ƙungiyar tarihi ta garinmu ta kafa allon karrama tsohon gini a jikin ɗakin wankin maƙwabciyata Tegwen, ina leƙe ta kan katanga har shayina ya huce a hannu. Ɗakin wanki fa! Ɗan akurkin dutse a bayan gida, rufi a lotse, inda uwarta ke tafasa zannuwan gado ran Litinin. Har limamin coci ya zo, ana ta tafi.

Ni ma ina da irinsa, katanga ce kawai tsakani. Kakana ya gina nawa tun ba a aza dutsen nata ba. A gidanmu duk bazara sai mata sun shafe shi da farar ƙasa, wadda ta gama kuma ta yi tsaga ɗaya da wuƙa a bayan ƙofar. Amma ba wanda ya ko kalle shi. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Tun muna firamare Tegwen ke shan gabana, ga shi mun yi furfura ba ta daina ba.

"Idwal, sauko kar ka karya ƙugu," in ji ta da ta hango ni. "Zo ka ci burodi mai zabibi."

"Na ƙoshi. Allo a jikin kango! Gobe sai kwandon shara."

"Kai dai baƙin rai zai kashe ka."

Bayan wata uku sai ga takarda, wai ƙungiyar za ta zo duba nawa. Na ce to, yanzu za a ga ɗaki. Na kankare farar ƙasar nan ta shekara da shekaru, na yaɓe bango da siminti sumul. Na sauke fale-falen dutsen rufin masu gansakuka na sa sababbi. Tsohuwar ƙofa na ɓalle ta na jefar a lungu, na kafa fara ta roba.

Ina cikin aiki Tegwen ta faɗo tsakar gidana, ko rigar ruwa babu.

"Idwal, ka haukace ne? Tsaya, don Allah tsaya!"

"A'a, ciwon kishi ya motsa? Allonki ba inda zai je."

Ta juya ta dubi lungun. "To ba ni ƙofar."

"Ɗauka, ki hura wuta."

Na yi dariya ina kallonta tana jan ta cikin yayyafi. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Matar ƙungiyar, Nerys Probert, ta zo ran Alhamis da littafi a hannu. Ta zagaya ɗakin, ta shafa simintin, ba ta rubuta komai ba.

"Ina ginin yake?" ta tambaya.

"Ga shi a gabanki. Na gyara."

"Wayyo." Ta rufe littafin. "Wata uku maƙwabciyarka tana damunmu. Ta ce allon nata kuskure ne, naka ya kamata a fara kafa wa. Ta ce akwai ƙofa mai tsage-tsagen matan gidanku, babu irinta a garin nan."

Na raka ta har bakin titi, ban ko yi mata tayin shayi ba.

Yanzu ƙofar na jingine a ɗakin wankin Tegwen, ta rubuta sunan gidanmu a ɗan kati ta liƙa. Duk Asabar baƙi na zuwa, ina jin su ta katanga suna ƙirga tsagar, suna ɗaukar hoto. Ashirin da uku na ƙarshe na marigayiya matata ne, Eirlys. Na san su, don hannunta ba ya yin tsaga a miƙe. In ina son ganinsu sai na ƙwanƙwasa wa Tegwen.

Jiya ta ce, "Taka ce fa, Idwal. Zo ka ɗauki abarka."

Na waiwaya na dubi farar ƙofar roba da bangon siminti. In na ɗauko, a ina zan rataya ta?