Albarushin Sauko da Muryar Yaya

A daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu warin albarushi bai bar hancina ba.

Na gan ni a ƙofar gidanmu, sai dai an juya gidan: zaure yana can ƙurya, ɗakin kwana yana bakin titi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana hawa sama, kowa ya kifa lemarsa yana takawa. Ban ga abin mamaki a ciki ba.

Yayana Mantau na zaune a kan benci. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi yake kai ni makaranta a kan kekensa lokacin yana ɗan sanda. Tun bara da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara furta kalma ba. A mafarkin ƙafafunsa lafiya lau, har kaɗa su yake yi, amma bakin na nan a rufe. Ya nuna mini sama da leɓe.

Can ƙololuwar kukar unguwarmu, muryarsa ce zaune a kan reshe. Ruwan ne ya hau da ita. Girmanta bai wuce na kurciya ba, ruwan toka, ta jiƙe sharkaf. Tana ta faɗin abubuwan da ya saba faɗa: "Ku rufe ƙofar nan, awaki za su shigo." "Wa ya ɗauke mini buta?" Kowace magana ta fi ta baya rauni.

Wata mata mai wucewa ta ce, "In ruwan nan ya ɗauke ba a sauko da ita ba, gajimare zai wuce da ita Agadas."

Yaya ya zaro libarbarsa, ƙaramar bindigar da ya mayar wa gwamnati tun ranar da ya ajiye aiki, ya ɗora mini a cinya. Sannan ya zuba mini harsasai a tafin hannu. Ba su da nauyi ko kaɗan, kamar ɓawon gyaɗa, sai da na dunƙule hannu don kada su tashi. Na leƙa cikinsu, fayau, babu albarushi.

Sai ga ni a kasuwa.

A layin 'yan albarushi duk tumaki ne suka kasa kaya, an tsiba shi a faifai kamar yaji da kuka. Na durƙusa gaban wata tsohuwar tunkiya mai tabarau da mayafi ruwan goro.

"Sannu da kasuwa, Hajiya."

"Yauwa, ɗana. Me za a harba?"

"Muryar yayana."

"A kashe ta, ko a sauko da ita?"

"A sauko da ita."

"To madalla, dama ba ma kasa na kisa ranar Talata."

Ta karɓi harsashi ɗaya ta ɗora a kan hancinta, ta lumshe ido tana jin nauyinsa. Ta nuna faifan farko, garinsa baƙi ƙirin, yana ta huci shi kaɗai.

"Wannan mai zuciya ne. Kafin ka ce bismilla ya gama. Zai kai, amma zai fasa muryar, yayanka ya riƙa magana rabi-rabi."

Na biyu manyan ƙwayoyi ne kamar dawa, duk suna gyangyaɗi.

"Wannan mai haƙuri ne, abokin harsashi mai nauyi. Naka marar nauyi zai gaji da jira, ya fice ya bar shi yana hamma."

"To wanne zan ɗauka, Hajiya?"

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Ta yaya yayan naka yake kiranka in ka yi laifi?"

Na tuna baya. Yaya bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da na afka da kekensa cikin kwata, na lanƙwasa masa kai, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka ji ciwo?"

Na ce, "A hankali yake kira. Amma sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai, ta jawo wani ƙoƙo daga ƙarƙashin mayafinta. Garin ciki launin ƙasa ne, mai ɗumi, yana ƙamshin sabon tuwo.

"Kada ka cika masa ciki," in ji ta. "Ka bar masa wurin numfashi."

Na tambayi abin da zan ba ta, ta ce in sosa mata bayan kunne. Na sosa.

Sai ga ni a gindin kuka. Ruwan ya fara tsagaitawa, gajimare kuma ya ɗaura kaya. Muryar ta daina magana, sai tari. Ina ta gaggawar ɗura harsashi, garin na zuba a ƙasa. Yaya ya kama wuyan hannuna da hannunsa na dama, wancan da ya mutu, ya riƙe gam. Tare muka ɗura, tare muka ɗaga bindigar.

Ba ta yi ƙara ba, gyaran murya kawai ta yi. Harsashin ya fito ya hau bishiyar reshe-reshe, yana yi yana hutawa. Da ya isa sai ya yi sallama, ya zauna gefen muryar, suka ɗan yi shawara. Can sai ya duƙa ya goya ta, suka sauko a hankali.

A tafin hannuna ta sauka, tana rawar sanyi, zuciyarta na bugawa fat-fat. Na goge ta da bakin rigata na miƙa wa Yaya. Ya buɗe baki. Ta leƙa ciki tukuna, sannan ta shige kamar mai komawa ɗakinta.

Ya haɗiyi yawu. Unguwa ta zuba masa ido, har tumakin da suka biyo ni daga kasuwa.

"Sidi," ya ce, "ka rame. Wa ke kula da kai?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji kwas, kwas, kwas.

Na farka. Gari ya waye, cokali ne ake bugawa a ƙarfen gado a ɗakin da ke jikin nawa. Haka Yaya ke kira in yana so a juya shi. Na shiga na tallabo kafaɗarsa, na juya shi ya fuskanci taga. Ya daɗe yana kallona, leɓensa na motsi, babu abin da ya fito.

"Na ji, Yaya," na ce. "Bari in kawo mana koko, tare za mu sha."