Ketevan a Shagon Filomena

Da ƙafa ɗaya babu takalmi Ketevan ta faɗa shagon Filomena, jini na zuba daga girarta, hannunta na dama yana lilo. Mata uku na jiran a yanka musu cuku. Wallahi maimakon ta kurma ihu, sai baiwar Allah ta tsaya a bayansu.

"Barkanku da rana. Wace ce ta ƙarshe a layi?"

Italiyancin da ta iya ke nan. Daga ƙasar Jojiya ta zo birnin Bari na Italiya aikin jinya, kuma a bakin tsohuwar da take kula da ita, Donna Immacolata, ta koyi yaren, matar da ko ruwa ba ta nema sai ta haɗa da ban haƙuri.

Matan suka kawar da kai. Duk unguwar an san Saverio, ɗan tsohuwar, an kuma san aikin hannunsa. Ɗaya ta hau duba tumatir.

"Signora Filomena, ki gafarce ni, idan ba zan takura miki ba, ina neman taimako," in ji Ketevan.

Kafin Filomena ta buɗe baki sai ga Saverio ya banko ƙofa, bel naɗe a hannu. Ya damƙi gashin Ketevan, ya buga mata kai da kantar shagon, kwalaben man zaitun suka tarwatse a ƙasa.

"Tsakanina da uwata za ki shiga? Ke wa?"

"Saverio!" Filomena ta daka tsawa. "Ni na riƙe ka a coci ranar baftisma, ɗan banza! Sake ta!"

"Kula da cukunki, Inna."

Ya ja Ketevan a kan fasassun kwalabe har bakin ƙofa. Ta gantsara masa cizo a wuyan hannu, ya sake ta, santsin mai ya kwashe shi ya faɗi a waje. Filomena, mai ciwon gwiwar nan da kullum take kuka da shi, ta yi tsalle ta finciko ƙofar ƙarfen da ake rufe shagon da ita daga sama. Ya miƙo hannu zai tare, ƙarfen ya sauka a kan yatsunsa. Ƙarar da ya yi har kantin magani an ji ta.

Shagon ya yi duhu, Saverio na waje yana ta dukan ƙarfen da ƙafa. Filomena ta danna tsumma a girar Ketevan.

"Zauna, 'yata. Ba mai taɓa ki a nan."

"Na gode ƙwarai, amma ba don kaina na zo ba. Donna Immacolata tana ƙasa a kicin tun da ya ture ta. Da hannu ɗaya na kasa ɗaga ta. Ko ɗayarku za ta daure ta kama mini?"

Kunya ta rufe matan nan. Mai duba tumatir ta ajiye jakarta, ta tambayi Filomena ko ƙofar baya a buɗe take.