Rassa Don Bodil

Na san cocin garinmu fiye da yadda na san 'ya'yana. Na san cewa duwatsun gindinsa sun girmi jan bulon hasumiyarsa. Na san lokacin da aka toshe ƙofar arewa, wadda mata ke shiga a da, da sunan matuƙin da ya rataye 'yar siffar jirgin ruwa a rufin ciki bayan ya tsira daga teku. Na koyar da tarihi har na yi furfura. Abin da ban sani ba shi ne inda matata take kwance.

Bodil ce ta zaɓi haka. Ta ce a ƙone ta, a binne tokar a filin ciyawar bayan coci, inda ba a sa dutse, ba a sa suna, kuma ba a gaya wa iyali wurin. "Don kada in zame wa kowa aiki," in ji ta. Har a mutuwa ba ta bar ladabinta mai cin rai ba.

Na haƙura har farkon hunturu, lokacin da ake rufe kaburbura da koren rassan itacen gran, wanda ganyensa ba ya zuba da sanyi, kafin ƙanƙara ta sauko. Kowace shekara Bodil kan durƙusa ta jera wa iyayenta, reshe kan reshe, kamar mai shimfiɗa bargo. Bana kowane kabari ya samu nasa. Har na attajirin da ke jikin bangon kudu, wanda ba mai tuna shi sai ni. Filin ciyawa kaɗai aka bari tsirara.

Na sami Ejner, mai haƙa kabarin cocin, abokina tun muna yara.

"Nuna mini wurin, Ejner."

"Malam Aksel sarkin sani! Ba ka karanta shi a littafi ba?"

"Kai ka sa ta a ƙasa, tsohon banza."

"Ni ne. Ita kuma ta kama hannuna a asibiti ta ce ko ka yi kuka kada in faɗa."

"Ba na kuka."

"Na gaya mata haka. Ta yi dariya."

Washegari na ari amalanken maƙwabcina, na cika shi da rassa, na fara jera su a filin ciyawar daga gindin ƙofar matan da aka toshe. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ban yi nisa ba Ejner ya tsaya a kaina.

"Ka san ba a yin haka a nan."

"Je ka kira fasto."

"Kana rufe tokar Thorkild ma, fa. Wanda ka yi shekaru ba ka gaishe shi ba."

"Ya ci albarkacinta."

Sai ya cire safar hannunsa, ya durƙusa a ɗaya gefen. Na riƙa satar kallonsa, ko hannunsa zai yi sanyi a wani wuri, ko zai gyara wani reshe fiye da sauran. Mugun bai yi ba. Ko'ina daidai ya jera.

Da aka kaɗa ƙararrawar faɗuwar rana filin ya rufu kaf. Na tsaya a bakinsa, hula a hannu, ban san inda zan duba ba.

"Ta rufu?" na ce.

"Ta rufu," in ji Ejner.