Rumbun Kawu Mahamadu

Laifina ne, ni da bakina mai son bayani. Gyaran kwamfuta nake yi a Dogon Dutsi. Ranar Litinin ƙanwata Rumaisa'u, 'yar kawuna Mahamadu, ta kawo tsohuwar kwamfutarta in sa mata sabon tsarin aiki, wato Linux. Ranar Alhamis za ta kare binciken digirinta, kuma bidiyon hirarrakin da ta yi da manoma, mai girman giga sittin, yana kan faifan aro da mai shi zai karɓa da la'asar. Kawu ya rako ta daga Ɗan Kassari, ya zauna yana kallon hannuna.

Da na zo wajen raba faifan ajiyar kwamfutar, sai na ce zan ware giga huɗu na swap.

"Mine ne shi?" in ji Kawu.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Kamar rumbu ne, Kawu. In aiki ya yi wa kwamfuta yawa, nan take zuba ragowar."

"Huɗu cikin nawa?"

"Cikin ɗari biyu da hamsin."

Ya cire hula. "Sadiƙ, kai ba ka ga yunwa ba. Mu da munka gan ta ba mu gina ƙaramin rumbu. Sa ɗari biyu."

Na ce takwas. Ya ce ba a ciniki da shi kan abincin ɗiyarshi. A gidanmu ba a musu da kawu, ga mutane a shago sun zuba ido. Raina a ɓace na sa ɗari biyu.

Da muka fara kwafe bidiyon, bai kai ƙarshe ba kwamfuta ta ce wuri ya ƙare, don giga hamsin kaɗai rumbu ya bar mana. Idon Rumaisa'u ya ciko da ƙwalla, ni ma tausayinta ya kama ni. Amma ta fi ni wayo.

"Baba, mu leƙa rumbun naka mana," ta ce.

Na buɗe masa shi a allon kwamfutar. Giga ɗari biyu, abin da ke ciki sifiri.

"Ko zangarniya guda babu?"

"Babu, Kawu. Haka zai zauna har shekara."

Ya waiga ya dubi mutanen shago, ya matso ya kare allon da babbar rigarsa, ya rage murya.

"Rushe shi maza, tun ba a kai labari Ɗan Kassari ba. Zuba ma yarinya kayanta."