Furen da Ba a Tsinkewa

A garinmu ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san furen kabewa iri biyu ne. Akwai namiji mai siririn kara, wanda zai buɗe da safe ya gama kwalliyarsa, rana na ɗagawa ya yanƙwane bai haifar wa kowa komai ba. Shi ake tsinka a zuba a kesadiya, wainar masararmu da ake ninkewa da cuku a ciki. Akwai kuma mace, mai ɗan ƙululu kore a gindinta kamar babban yatsa. Ƙululun nan shi ne kabewar gobe, saboda haka ba a taɓa ta. Ni na koya wa Zenaida wannan da hannuna, tun tana ƙarama ƙwarai.

Zenaida jikata ce, 'yar 'yata Herlinda. A Amurka aka haife ta, amma ko zama ba ta fara ba aka kawo mini ita a hannun wata maƙwabciyarmu da ta zo ganin gida. Uban ya kama gabansa. Herlinda aiki biyu take, ba mai riƙe mata jaririya, ba ta kuma da takardun da za ta fito ta koma. Aka ce in riƙe ta na 'yan watanni, 'yan watannin nan suka zama shekara tara. Ni na ga haƙorinta na fari, a bayana ta yi ƙyanda, ni na kai ta makaranta tana kuka ina zaginta. Sunana Otilia, ita kuwa Mama Tila take ce mini. Uwarta murya ce a waya ran Lahadi, sai kwalin kaya lokacin Kirsimeti.

Bana Herlinda ta sami takardunta. Ta iso mana tsakiyar damina da farin takalmi da ƙamshin turare, ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Ban gama murna ba ta faɗi abin da ya kawo ta, don ita ba ta iya kwana-kwana ba, gadon ubanta ne.

"Mama, na zo in tafi da ita. Amma ba zan ja ta da ƙarfi ba. In ta ce za ta zauna, na haƙura. Sai dai ƙarshen watan nan ake buɗe makaranta a can, hutun da aka ba ni kuma kaɗan ne. In na koma ban san ranar da za a sake barina ba."

Na ce, "To tambaye ta mana. Ga ta nan, ai ba kurma ba ce."

Zenaida na zaune a kan turmi tana ɓare wake. Ta dubi uwarta, ta dube ni, sannan ta ce, "Sai kabewata ta nuna."

Kabewar tata tana bayan gida, tana yaɗo a ƙarƙashin masara. Irin da mijina Nicanor ya bari ne. Tun da ya rasu, Zenaida ke shukawa, ita ke dafawa da mazarƙwaila da kirfa ta ɗora masa a teburin da muke shirya wa matattunmu farkon Nuwamba, wai kada ya zo ziyara ya tarar ba a yi masa abin da yake so ba. Kabewa kuwa ba ta ƙosawa sai ƙarshen Oktoba. Kafin nan Herlinda ta daɗe da komawa. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Nicanor da bai taɓa goya mini baya a gardama ba yana da rai, ga shi daga kabari ya yi mini aiki.

Duk lokacin da Herlinda ta sake tambaya, amsar ɗaya ce. Ni kuma kullum da safe sai na leƙa gonar, ina kirga ƙululun nan da ido kamar mai kiwon kaji. Wasu har sun kai dunƙulen hannu. Ba zan ce ban ga yarinyar tana bin uwarta ko'ina ba. Na ga tana gwada farin takalmin, na ga tana sa a nuna mata hoton ɗakin da aka gyara mata, da gado mai shuɗin bargo, ta kalla ta sake kalla. Na ce a raina ɗokin baƙo ne, zai wuce.

Ran Asabar na tashi da wuri na kai masarar da na dafa da farar ƙasa injin niƙa. Layi ya yi tsawo, mata sun samu abin yi da bakinsu, kowa na tambayata ko za a raba ni da 'yar tsohuwata, kamar yadda nake kiran Zenaida. Na ce su jira su gani. Na dawo da ƙullu da ɗuminsa a kaina, har ina 'yar waƙa.

Ina shiga madafa na ga babban kwando a kan tebur, cike fal da fure. Herlinda na tsaye a kansa da hannu a baki. Na sauke ƙullu, na ɗaga ɗaya. Ƙululu a gindinsa. Na ɗaga wani, haka. Na tura hannu ƙasan kwandon, sai ga 'ya'yan kabewa, manya da ƙanana, har da waɗanda na sani da kamanninsu. Babu namiji ko ɗaya a ciki. Wuta ta taso mini daga ciki.

"Wace marar tsoron Allah ce ta shiga gonar nan?"

Herlinda ta dubi ƙofa, sannan ta ce, "Ni ce, Mama."

"Ke?"

"Na ce bari in yi mana kesadiya. Na daɗe ban tsinka ba, na manta wanne ne wanne."

"Kin manta! A gidan nan aka yanke miki cibi, a gonar nan kika yi rarrafe, yau kin manta! To ko akuyar da ta tsinke igiya ai za ta haɗa da namiji. Ke zaɓa kika yi, ɗaya bayan ɗaya. Kin ga abin da ya riƙe yarinya, kika bari na juya baya kika bi kika girbe shi. Wannan ce ba za ki ja ta da ƙarfi ba?"

"Mama, ya isa haka."

"Bai isa ba! Shekara tara kina aiko da kwali, yanzu kin zo karɓar kayanki kamar tukunyar da kika ba da aro. Ran da zazzaɓi ya kusa kashe ta, kina ina? Kin san abin da take tsoro? Kin san ba ta cin albasa in ba ta dahu liƙis ba? Haihuwa kawai kika yi, Herlinda, ko kaza ma tana yi."

Wannan ta ƙarshe ta same ta. Fuskarta ta canza, ta fita bayan gida wajen wanki. Zenaida na tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba.

Na ce, "Zo nan, 'yar tsohuwa. Kada ki yi kuka, kin ji?"

Ba kuka take ba. Ta shigo ta zauna a ɗan bencinta kusa da murhu.

Furen kabewa ba ya jiran mai fushi ya huce. In ya kai azahar ya zama tsumma, ni kuwa ban taɓa zubar da abinci ba. Na hura wuta, na shafa wa kasko ruwan farar ƙasa na ɗora. Na cire wa furen ƙaransa da tsinken ciki, na yayyanka 'ya'yan kabewar sirara-sirara, wuƙa na shiga cikinsu kamar sabulu saboda tsabar ƙuruciya. Na soya albasa har ta yi laushi, na zuba tafarnuwa da koren barkono, sannan kabewar, sannan furen da ganyen epasote mai ƙamshi. Kwando guda, da ya ji wuta, ya koma ɗan abin da bai cika kwano ba. Ina juyawa ina ƙunƙuni, ban bar Herlinda ba, ban bar Amurka ba, har Nicanor sai da ya samu rabonsa don ya kwanta ya zuba ido.

Aikin Zenaida ne warware cuku. Cukunmu a naɗe yake zuwa kamar ƙwallon zare, sai a bi shi ana yagewa siri-siri. Kullum rabinsa a bakinta yake ƙarewa, ina dukan hannunta tana dariya. Ran nan ko tsinke ɗaya ba ta kai baki ba.

Na gutsuri ƙullu na mulmula, na danne shi a katako ya yi faɗi, na shimfiɗa a kasko. Na ce, "Miƙo cuku." Ta miƙo da hannu biyu.

A nan na ga hannun. Daga wuyan hannu har gwiwa duk ya yi ja, ya yi ƙuraje, irin wanda ƙaiƙayin ganyen kabewa ke yi wa wanda ya kutsa cikinsa. Garin furen nan rawaya ya maƙale mata a farce. Na kai ido ƙasa: laka a yatsun ƙafa, gefen siket jiƙe da raɓa. Na tuna hannun Herlinda a bakinta, fes, ko ɗigon rawaya babu.

Na zuba cuku, na zuba fure, na ninke, na bi bakin da yatsa na manne. Sai da na yi wannan duka kafin na iya magana.

"Me ya sami hannunki?"

Ta ja hannun ta ɓoye a cinya.

"Zenaida, da ke nake."

"Ni ce na tsinke, Mama Tila." Muryarta can ƙasa. "Ba ita ba ce. Ita barci ma take. Da ta tashi ta gani, ta ce in yi shiru."

"Ba ki gane su ba ne? Duhu ne?" Na san amsar, amma na miƙa mata hanyar ko za ta bi.

"Na gane su."

Cuku ya fara tsatsowa ta gefe yana ƙauri a kasko. Na juya kesadiyar da yatsa, ta yi jaja-jaja yadda ake so. Na ce, cikin muryar da nake lallashinta da ita in ta faɗi, "To ba komai. Ai damina ba ta ƙare ba. Nan da 'yan kwanaki wasu za su fito, in muka kula da su za su kai Nuwamba. Kakanki ba zai rasa kabewarsa ba."

"Na sani za su fito."

"To kin gani."

"In sun fito, su ma zan tsinke."

Ban taɓa jin magana ta shige ni irin wannan ba, ko ran da likita ya fito daga ɗakin Nicanor yana goge hannu. Na zauna daɓas a ƙasa, a tsakiyar toka.

Sai a lokacin kukan ya zo mata. "Ran farko da na ce sai ta nuna, na ga kin ji daɗi. Kullum kina zuwa kina duba su. Na rasa yadda zan ce miki. In na faɗa da baki za ki yi kuka."

"Yanzu dariya kika ga ina yi?"

"Ina son ki, Mama Tila, na rantse ina son ki. Amma ina so in ga yadda ake zama da uwa. Ko kaɗan ne. Kowa a ajinmu ya sani, ni ban sani ba."

Na so in ce mata ni ce uwarta. Maganar ta zo har bakina. Amma yarinyar da ta tashi da sassafe ta shiga raɓa ta kashe gonarta da hannunta don kawai kada ta faɗa mini magana mai zafi, me zan ƙara ɗora mata? Zuciyata ta karye, ba wata kalma da zan sa mata. Na jawo ta jikina, na ɗebo ruwa a ƙoƙo na wanke mata hannun, na shafa mata man kitse inda ya yi ja. Hannun ya yi tsawo, ban lura da lokacin da ya yi ba.

"Za ki yi fushi da ni?"

"Da wa zan yi faɗa in kin tafi? Dole in yi fushi." Na share mata hanci da gefen zanena. "Akwai kasko a can?"

"Ta ce na ƙarfe ne."

"Na ƙarfe. Allah ya kyauta. To buɗe idonki ki ga yadda ake manne baki, don uwarki ba ta taɓa iyawa ba, nata kullum sai ya zubar."

Na tashi na sauke ta farko, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Na sa wata, na bar ta ta ninke da kanta, ta manne, ta juya ba ta ƙona yatsa ba. Muka yi ta yi har kwanon furen ya kusa ƙarewa, na jera su a ƙyalle na rufe don kada su huce. Na ware mafi kyau, wadda cukunta ya fi yawa, na sa a farantin baƙi.

"Je ki kira uwarki. Ki ce ta zo ta ci da zafinta. Ki ce mata kuma ta fito da akwatin, mu ga abin da zai shiga."

Ta tsaya tana kallona, ko da gaske nake. Na ɗaga mata kai. Ta fita.

Ina jin ƙafarta a tsakar gida. Da farko tafiya take a hankali, saboda ni. Tana shan kwanar ɗakin ajiya, inda take tsammanin ba na ji, sai ta kwasa da gudu, har da tsalle, tana ƙwala wa uwarta kira. Tun da Herlinda ta zo ban ji ƙafar yarinyar nan da sauƙi haka ba.

Sauran ƙullu na nan a kwano, kasko kuma ya yi zafi. Na gutsura na mulmula.