Turakun Da Shunsuke Bai Kafa Ba

Cikin halayen da ke kashe mai sana'a, ban ga wanda ya kai raina ƙaramin aiki saboda hangen babba ba. Mai wannan hali ba malalaci ba ne, sau da yawa ma ya fi kowa zafin nama, shi ya sa ba ya gane ciwonsa sai ya kwantar da shi. Abin da ya sami Oikawa Shunsuke ke nan a garinmu Asahikawa, kuma ga yadda aka yi.

Shunsuke ya karɓi sana'ar ne daga hannun surukinsa, tsoho Hatakeyama Genzo, lokacin da ciwon gwiwa ya hana tsohon hawa mota. Sana'ar biyu ce a haɗe, kamar yadda kowa ke yi a nan: da zafi a yanke ciyawa a gyara shuke-shuke, da hunturu a kwashe dusar ƙanƙara. Genzo ya bar masa katafila ɗaya, da injinan yankan ciyawa, da gidaje talatin da huɗu, yawancinsu na tsofaffi, irin waɗanda in ka share musu ƙofa sai sun tsare ka da shayi da labarin jikoki. Shekara uku ya yi yana wannan, ransa bai kwanta ba. Shi manyan wurare yake so, masana'antu da kantuna masu faffaɗan filin ajiye motoci, inda ake ba da kwangilar shekara guda cur.

Ƙofar shiga wannan harka kuwa ɗaya ce, wato Uwargida Tsurumi, mai masana'antar bakin kogi inda ake yin miso, wata irin daddawar waken soya. Ita ce shugabar ƙungiyar masu masana'antu na unguwar, kuma duk wanda ta ɗauka, sauran ma shi suke ɗauka ba tare da dogon bincike ba. Sau biyar Shunsuke yana zuwa ofishinta da kwalin alewa, yana sunkuyawa, yana komawa hannu wofi. A karo na shida, cikin watan Oktoba, aka yi sa'a mai yi mata aikin ya yi ritaya.

Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kai ne mijin 'yar Genzo ko?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To don shi na ba ka, ba don alewarka ba. Likita ma ya hana ni zaƙi, ma'aikata ne suka yi ta ƙiba da ita." Ta buga hatiminta a takardar kwangila, kwasar ƙanƙara da hunturu, yankan ciyawa da zafi. "Ranar Alhamis ka zo da ƙarfe goma mu zaga filin tare. Asabar zan tafi Tokyo wurin 'yata, za a yi mini aiki a ƙugu. Ba za ka sake ganina ba sai ƙanƙara ta narke."

Wannan zagaye ba sabon abu ba ne. Kafin ƙanƙarar fari ta sauka, mai kwasa yakan bi mai wuri a ƙafa, a nuna masa bakin dakali, da murfin kwata, da shukar da ba a so a taɓa, da inda aka yarda a tara tulin. Duk inda aka nuna, ya kafa turke dogo mai fenti ja da fari. Don idan farin nan ya rufe ƙasa, fili da lambu da rami duk kamarsu ɗaya, turken nan ne kaɗai idon mai tuƙi.

Da ya koma gida ya tarar da Genzo a rumfar kayan aiki, zaune kan kujera yana sabunta wa turaku fenti, 'yarsa Fumie tana riƙe masa gwangwani.

"Baba, an dace! Tsurumi ta buga hatimi."

"Madalla. Yaushe za ku zaga?"

"Alhamis ta ce. Sai dai Alhamis ɗin ne manajan babban kantin bakin titi ya ce in zo. Da na gaya masa a waya Tsurumi ta ɗauke ni, har rawar jiki yake yi." Ya zaro wayarsa ya miƙa wa tsohon. "Ai yanzu an daina wannan wahalar, Baba. Duba, ga filinta nan gaba ɗaya daga sama. Ga ƙofa, ga sito, ga wani lungu a bayansa babu komai sai kore. Nan zan tara."

Genzo ya ƙanƙance ido ya duba. "Tsuntsu ne ya ɗauki wannan hoton?"

"Kusan haka, Baba."

"To sai ka ba tsuntsun makullin katafila ya tuƙa."

Fumie ta fashe da dariya. "Baba, ƙyale shi. Tun da ya sayi kwat ɗin nan takalminsa ya daina shiri da laka."

"Ku yi ta dariya," in ji Shunsuke. "In na kawo wurare bakwai, ke za ki fara neman sabuwar mota."

Tsohon ya ajiye buroshi. "Shunsuke, ka ji ni da kyau. Mace mai ciwon ƙugu ba ta cewa a zo a yi tafiya a ƙafa don marmari. Akwai abin da take so ta nuna maka. Ka je."

Ya ce to, amma bai je ba. Ya aika mata da takardar ban haƙuri mai ladabi ƙwarai, da wani kwalin alewar kuma, ya wuce wurin manajan kanti. A ransa ya ce in ya gama tattara sa hannu, zai bi duk wuraren ya kafa turakun a yini biyu, ko babu mai raka shi. Cikin mako uku ya haɗa wurare bakwai cif. Ya sayo katafila ta biyu, ya ɗauki direbobi biyu, tsofaffin gidajen nan kuma ya bar wa wani maƙwabcin sana'a ashirin daga cikinsu, wai ba shi da lokacinsu.

A shekarar sai ƙanƙara ta yi sammako. Ranar tara ga Nuwamba aka wayi gari ta kai cinya, turakun Genzo suna nan jingine a rumfa, fentinsu sabo. Shunsuke ya hau katafila da kansa ya nufi masana'antar. Ya share filin tas, ya tura komai zuwa lungun bayan sito, ya danne, ya ƙara, ya danne. Da ma'aikata suka iso suka ga tulin, biyu daga cikin tsofaffinsu suka tsaya suna kallonsa, suka dubi juna. Amma kowa ya ɗauka ai Shunsuke ya yi magana da Uwargida, kuma mutanenmu ba sa sa baki a aikin da ba nasu ba. Suka gaishe shi suka shige.

Gaskiya a faɗe ta, hunturun nan ya yi aiki. Ba a taɓa buɗe wurin kowa an tarar da ƙanƙara a ƙofa ba. Inda ya yi santsi ya zuba tsakuwa da gishirin narkar da ƙanƙara, washegari ya kankare ya kai lungu. Tulin bayan sito ya yi tsawo har ya kusa rufin. Ana yabonsa, shi kuwa yana kawo wa Genzo yabon a kan teburin abinci. Tsohon dai ya ci gaba da shan romonsa.

Cikin watan Afrilu rana ta yi ƙarfi, tulin ya fara zama baƙi yana raguwa. Sai aka kira shi a waya, Uwargida Tsurumi ta dawo, tana son ganinsa. Ya sa kwat ɗinsa ya tafi da murna, yana tsammanin maganar ciyawa ce.

Ya same ta a tsakar fili da sandar dogarawa. "Zo mu zaga," ta ce.

Suka tafi a hankali, don ba ta iya sauri. Da suka karya kwanar sito ya ga abin da ƙanƙara ta ajiye masa. Ciyawar lungun ta ƙone ƙurmus saboda gishiri. Duwatsun da aka jera a kewaye sun watse. A tsakiya kuma ga kututturen wata gajeriyar bishiya mai ganye kamar allura, ya tsage biyu, rassansa a kwance cikin laka, da sauran igiyar da aka ɗaure su da ita saboda sanyi.

"Maigidana ya dasa ta ranar da muka buɗe wurin nan," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Shekara arba'in da ɗaya. Shi yake datse ta da hannunsa don kada ta wuce ƙugu. Da ya rasu na ci gaba."

Shunsuke ya sunkuya har kansa ya kusa gwiwa. "Ranki ya daɗe, laifina ne. Zan sayo wata, wadda ta fi ta girma, ko nawa ce. Gobe ma."

"Da girma muke so, ai da mun bar ta ta girma." Ta gyara tsayuwa a kan sandarta. "Ɗago, malam, bayanka zai yi ciwo. Filina bai taɓa tsabta irin ta bana ba, ban hana ka wannan ba. Amma wanda bai san abin da ke ƙarƙashin motarsa ba, ba zan ba shi almakashi ya shiga lambuna ba. Ka gaida mini Genzo."

Ba ta kai ƙara ba, ba ta zage shi a wurin kowa ba. A taron ƙungiya na wannan watan dai aka tambaye ta wa zai yi mata ciyawar bana, ta ambaci sunan wani. Shi ke nan. Kowa ya koma ya duba nasa filin da sabon ido, wannan ya ga dakalinsa ya gutsure, wancan ya ga murfin kwatarsa ya lanƙwashe, wani mai asibitin haƙori a cikinsu ya ga shingen furanninsa a kwance.

Cikin wurare bakwai, shida suka janye kafin a yi yankan ciyawar fari. Kantin bakin titi ne kawai ya rage, shi ma don filinsa kwalta ce zalla. Katafila ta biyu ta tafi kasuwa da hunturu ɗaya a jikinta. Direbobi biyu suka kama gabansu. Gidajen tsofaffi ashirin da ya bayar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa, uku suka dawo. Da ya karɓi sana'ar yana da ƙofa talatin da huɗu, ya shiga sabuwar shekarar aiki da goma sha takwas, har da kantin.